Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Sharhi A Kan Allon Zanen Tallar Wani Fim Na Ɗalibai

Gabatarwa

Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in yi tarken wani aiki da wasu 'yan'uwanmu ɗalibai masu sha'awar wasan kwaikwayo suka yi, watau zane-zanen da suka tsara domin tallar wani gajeren fim na fargaba da suke shirin ɗauka a hutu mai zuwa. Sun nemi duk mai magana ya faɗe ta tun ba a kunna kyamara ba, kuma wannan kaɗai abin a yaba musu ne. Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan mujallar adabi da zanen fim? To, labari dai labari ne, ko da baki aka ba da shi, ko da alƙalami, ko da hoto. Saboda haka ma'aunin da malamanmu suka koya mana na feɗe littafi, watau jigo, da zubi da tsari, da salo, shi zan ɗora wannan aiki a kai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, shi kansa fim ɗin ma ba a raɗa masa suna ba tukuna.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, zanen yana da kyau a ido, amma ya faɗi abin da ya kamata ya riƙe, ya kuma riƙe abin da ya kamata ya faɗa.

Allon zane da tallar fim

Kafin a ɗauki fim, akan zauna a zana shi a takarda gida-gida, kamar gidajen dara. Kowane gida yana nuna abin da kyamara za ta gani a ɗauka guda: wane ne a ciki, daga ina ake kallonsa, daga nesa ko daga kusa. A ƙarƙashin gidan kuma sai a rubuta maganar da za a ji, da sautin da zai tashi, da yawan daƙiƙoƙin da ɗaukar za ta ci. Masu sana'ar suna kiran wannan sitoribod, ni kuwa zan kira shi allon zane. A kamfanin Walt Disney na Amurka aka raya wannan dabara a farkon shekarun 1930, inda ake danganta ta ga wani mai zane, Webb Smith, wanda ya riƙa kafe zanensa a jikin bango bi da bi domin a ga tafiyar labari gaba ɗaya. Fim ɗin zane na Three Little Pigs, na 1933, shi ake ƙirgawa a matsayin na farko da aka tsara kakaf ta wannan hanya.

Ita kuwa tallar fim, wadda 'yan fim ke kira tirela, ta samo sunanta ne daga yadda a da ake nuna ta a bayan fim, tana biye da shi kamar yadda bodin tirela ke bin kan mota. Da aka lura mutane na watsewa da zarar fim ya ƙare, sai aka dawo da ita gaba, sunan kuwa ya zauna. Aikinta irin na ɗanɗanon da mai tsire ke miƙa wa mai wucewa ne. In ya ba ka ɗan yanki ka ji yaji da ƙuli, sai ka laluba aljihu. In kuwa ya ƙosar da kai, sai ka yi godiya ka wuce.

Abin da ke kan allon

Labarin fim ɗin na wata ɗaliba ce da ke zaune a ɗakin kwanan mata. Ana cikin karatun jarrabawa sai ta fara lura ana shiga ɗakinta in ba ta nan: a gusar da littattafanta, a yage shafi daga kundinta, daga baya har ta tsinci takardar barazana a ƙarƙashin matashinta. Ta zargi maigadi, ta zargi wani saurayi da ta ƙi, ashe aminiyarta ce, wadda ta yanko makullin ɗakin a ɓoye.

Allon yana da gida 24, kuma an yi lissafin tallar za ta ci daƙiƙa 90. Gida na 1 zuwa na 5 suna nuna ƙofar makaranta, da ɗakin lacca, da yarinyar tana dariya da aminiyarta, har da ɗan guntun waƙa a cikin lambu. Daga na 6 zuwa na 9 ake ganin alamun an shiga ɗaki. Na 10 zuwa na 14 zargi ne da shawarwari. Na 15 zuwa na 19 gudu ne da dare a barandar bene bayan an ɗauke wuta. A gida na 20 wuta ta dawo, sai ga fuskar aminiyar, da makulli a hannunta. Na 21 zuwa na 23 kokawa ce da zuwan masu tsaro, na 24 kuwa gurbin sunan fim ne.

Jigo

Jigon fim ɗin cin amana ne, kuma duk nauyinsa ya rataya ne a kan tambaya guda: wane ne ke shiga ɗakin? Wannan tambaya ita ce jarin waɗannan ɗalibai, ba su da wani jari da ya wuce ta. Amma a gida na 20 sun amsa ta, a na 23 kuma sun nuna yadda aka kama mai laifi. Wanda ya ga wannan talla ya riga ya ga fim, sai dai in zai zo ne don ya ga abokansa a majigi. Haƙiƙa abin da aka zana taƙaitawar labari ce, irin wadda muke yi wa littafi a ajin adabi, ba talla ba.

A nan ya kamata mu dubi bambancin da Alfred Hitchcock ya yi tsakanin ba-zata da zullumi, a hirar da ya yi da François Truffaut a 1962, wadda ta fito a littafi a 1966. Misalin da ya kawo na mutane biyu ne suna hira a kan tebur, alhali akwai bam a ƙarƙashinsa. In 'yan kallo ba su san da bam ɗin ba, sai ya tashi kawai, za su firgita na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. In kuwa an nuna musu lokacin da aka ajiye shi, aka kuma nuna musu agogo yana tafiya, to wannan hira ta banza za ta zama abin da ba sa iya ɗauke ido daga kanta, domin sun san abin da masu hirar ba su sani ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mu tuna tatsuniyar nan ta yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba. Tun farko mai tatsuniya takan gaya wa yara cewa angon nan kyakkyawa dodo ne, aron jiki ya yi. Ba ta ɓoye wannan ba ko kaɗan. Abin da ke hana yara motsi shi ne tafiyar amarya zuwa gidan miji, yana mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana biye da shi cikin daji. Yara sun san akwai halaka a gaba, abin da ba su sani ba shi ne yaushe, kuma ta yaya za ta kuɓuta. Ashe kakanninmu sun san inda ake ajiye bam tun kafin a ƙera kyamara.

To, a allon 'yan'uwanmu akwai gida guda da ya kama wannan sirri, shi ne na 8. An zana shi ne daga ƙarƙashin gado: muna ganin ƙofa ta buɗe, ƙafafun yarinyar sun shigo, ta tuɓe silifas, ta zauna a bakin gado har katifa ta lotsa a saman idonmu. Ba a faɗi kome ba, amma duk mai kallo ya gane cewa idon da yake kallo da shi na wani ne da ke kwance a wurin. Wannan shi ne mafi kyawun abin da ke kan allon, wanda ya zana shi kuwa yana da idon fim. Sai dai kash, daƙiƙa biyu rak aka ba shi, aka kuma cusa shi tsakanin hoton littattafai da hoton takardar barazana, inda zai wuce ba a lura ba. Abin da ya kamata a faɗa wa mai kallo da babbar murya, watau cewa hatsarin yana cikin ɗakin tare da ita, shi aka yi wa rowar lokaci. Abin da ya kamata a ɓoye, watau fuskar mai shiga, shi aka haska da fitila.

Zubi da tsari

Daƙiƙa 25 daga cikin 90 sun tafi wajen nuna ƙofar makaranta da ɗakin lacca da hira. Fim na iya yin wannan shimfiɗa, domin wanda ya zauna kallonsa ya riga ya ba da lokacinsa. Talla ba ta da wannan gata, musamman yanzu da yawanci a waya za a gan ta, inda ɗan yatsa ke jiran ya ture ta. Kuma waɗanda za a nuna wa ɗalibai ne, sun san kamannin ƙofar makaranta. Gida ɗaya ya isa ya nuna mana yarinyar da aminiyarta, domin mu san fuskar wadda za mu ji wa tsoro, mu kuma ga ɗayar a matsayin mai ƙaunarta. Barin aminiyar a cikin talla tana lallashi, ba tare da an tona ta ba, shi zai sa ranar kallon fim abin ya yi ciwo.

Guntun waƙar da ke gida na 4 kuwa gado ne daga tallace-tallacen finafinanmu na Hausa. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, sana'ar fim ɗin bidiyo ta bunƙasa, kuma a shekarun kaset da faifai waƙa ta zama babban abin da ke sayar da fim ɗin soyayya, don haka ta mamaye talla. A can tana da aikin yi. A nan kuwa alkawarin ƙarya take yi wa mai kallo, domin za ta sa ya zaci soyayya zai gani, sa'an nan ta kwance ɗan ɗaurin da ake ƙoƙarin yi wa zuciyarsa.

Akwai kuma wani kuskure a wajen gudun nan na dare. A gida na 15 yarinyar tana gudu daga hagu zuwa dama. A na 16 tana gudu daga dama zuwa hagu, a na 17 ta sake komawa kamar farko. Masu zanen sun san cewa kyamara ce ta sauya gefe, amma mai kallo bai sani ba, shi abin da zai gani shi ne ta juyo tana tunkarar mai bin ta. Ƙa'idar masu fim ita ce a shata layi a bisa hanyar da mutum ke bi, kyamara ta tsaya a gefe guda na layin, in kuwa tilas ne ta tsallaka, to a nuna tsallakawar. Amfanin allon zane ke nan. A takarda, gyaran wannan bai wuce a goge kibiya a sake zana ta ba. In an riga an ɗauka, sai an sake tara mutane wani daren.

Salo

Na ƙirga, gida 17 daga cikin 24 an zana su ne daga tazara guda, daidai tsayin idon mutum, kowa ana ganinsa daga kai zuwa gwiwa. Wannan kallon ɗan kallon wasan daɓe ne, wanda ke zaune a kujera guda daga farko har ƙarshe, kuma ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suka taso a dandamali. Amma kyamara tana da ƙafa. Tana iya matsawa har sai makulli ya cika majigi, tana iya leƙe ta kafar ƙofa, tana iya tsayawa a ƙarshen baranda ta bar yarinyar ta zama 'yar mitsitsiya a cikin duhu. Fargaba a fim daga irin wannan zaɓi take fitowa.

Mu dubi wurin kisan nan na banɗaki a fim ɗin Psycho, na Hitchcock, na 1960. Saul Bass ne ya zana allonsa, aka kwashe kusan mako guda ana ɗaukarsa a watan Disamba na 1959, kuma lissafin da ya shahara shi ne an girka kyamara sau 78, an yi yanka 52. Duk da haka kusan ba a ga wuƙa ta shiga jiki ba, fuskar mai kisan kuma tana cikin inuwa. Gutsattsarin hotuna ne, hannu, baki, labule, ruwa yana bin rariya, mai kallo ne ya haɗa sauran a cikin kansa. Tallar fim ɗin ma abin nazari ce. Ta haura minti shida, Hitchcock da kansa yana zagayawa da mu cikin masaukin da gidan, yana fara bayanin abin da ya faru a kowane wuri sai ya katse, kamar abin ya fi ƙarfin faɗa. A ƙarshe ya yaye labulen wanka, mace ta ƙwalla ƙara, kuma ko ita Vera Miles ce, ba Janet Leigh da aka kashe a wurin a cikin fim ba. Minti shida, bai ba da amsar kome ba.

Ta wajen sauti ma allon ya yi sakaci. A ƙarƙashin gidaje da yawa an cika magana, inda kuwa babu magana sai a rubuta “kiɗan tsoro” kawai. Wane iri? Daga ina zai fara, a ina zai tsaya? A fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, na 1975, kifin ƙarfen da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole aka rage nuna shi, sai kiɗan John Williams mai amo biyu da wasu ganguna masu ruwan ɗorawa da ke yawo a kan teku suka tsaya a madadinsa, abin kuwa ya fi ban tsoro. Tallar fim ɗin Alien ta 1979 ba ta da maganar ɗan wasa ko ɗaya, sai ƙwai yana tsagewa, da wata ƙara mai kama da jiniya, da hotuna masu wucewa kamar walƙiya, dodon kuwa ba a bari an ƙare masa kallo ba. Ɗakin kwanan ɗalibai cike yake da irin wannan dukiya kyauta: fanka tana rage gudu har ta tsaya in an ɗauke wuta, ɗigar famfo, takun silifas a baranda wanda ke tsayawa in ka tsaya, makulli yana juyawa a cikin kuba. Kowanne daga cikinsu ya fi kiɗan aro, kuma ya kamata a rubuta shi a ƙarƙashin gidansa.

Wata hujja da za a iya kawowa

Adalci ne in faɗi cewa ba kowa ya yarda da ɓoye labari a talla ba. A shekarar 2000 Robert Zemeckis ya fitar da fim ɗin fargaba mai suna What Lies Beneath, tallarsa kuwa ta tona wani babban sirri game da mijin da Harrison Ford ya fito a matsayinsa. Da aka yi ƙorafi, Zemeckis ya kare abin da cewa binciken kasuwa ya nuna mutane sun fi son su san abin da za su saya kafin su biya, fim ɗin kuma ya yi ciniki ƙwarai. To, amma shi yana da Harrison Ford da Michelle Pfeiffer, waɗanda ko an san ƙarshen labari za a je a gan su. 'Yan'uwanmu ba su da tauraro, ba su da kuɗin talla a gidajen talabijin. Mai rumbu yana iya yin kyauta da dami, wanda yake da mudu ɗaya kuwa sai ya yi tattali.

Batun aljihu

Allon zane takardar lissafi ce kuma. Gida 9 daga cikin waɗanda aka zana da dare za a ɗauke su, ga kyamara guda ta aro, ga rashin fitilun aiki. Kokawar gida na 21 zuwa na 23 kaɗai tana bukatar mutum biyar da kayan masu tsaro. Wanda ya zauna da allon yana tambayar kowane gida nawa zai ci, zai ga cewa gidajen da suka fi tsada su ne waɗanda suka fi ɓata tallar. Gida na 8 kuwa ba ya bukatar kome sai gado da ƙafafu biyu.

Kada a ɗauka allon zane kayan masu kuɗi ne. Satyajit Ray na Indiya, da zai yi fim ɗinsa na farko, Pather Panchali, wanda ya fito a 1955, da littafin zanensa ya riƙa yawo yana neman mai zuba jari, aikin kuma ya yi ta tsayawa saboda rashin kuɗi har gwamnatin Bengal ta Yamma ta taimaka. Shi ma Ridley Scott zanen da ya yi wa Alien da hannunsa ne ya sa kamfanin 20th Century Fox ya ninka kuɗin fim ɗin daga wajen dala miliyan 4 zuwa sama da miliyan 8. In 'yan'uwanmu za su je neman taimako wurin wani malami ko wani mai hali, allo mai tsari zai yi musu magana fiye da dogon bayani, domin gani ya kori ji.

Kammalawa

Shawarata ga masu wannan aiki ita ce, su cire gida na 20 zuwa na 23 gaba ɗaya, su bar wa fim ɗin kayansa. Su matse gidaje biyar na farko su zama ɗaya, waƙar kuma ta fita. Su buɗe da wani sabon gida, hannu yana karɓar sabon makulli a rumfar mai yankan makulli, amma a kula kada lalle ko awarwaro ya nuna hannun mace ne. Su daidaita kibiyoyin gudu su fuskanci gefe guda, su kuma rubuta sautin kowane gida dalla-dalla. Sa'an nan su ɗauko gida na 8 su kai shi ƙarshe, su ba shi daƙiƙa goma cur ba kiɗa: ƙofa ta buɗe, ƙafafu su shigo, katifa ta lotsa, fanka ta tsaya, duhu ya rufe, sai sunan fim. Da wannan gyara gidajen za su ragu, tallar ba za ta wuce minti ɗaya ba, kuɗinta kuma zai sauko.

Ban yi wannan tarke don in karya gwiwar kowa ba. Mutanen da suka iya zana gida na 8 sun iya abin da ya fi wuya, saura su yarda da shi. Ina kuma fatan wani daga cikin masu karatu, musamman 'yan'uwa masu nazarin adabin baka, zai ɗauki wannan batu na zullumi a tatsuniya ya faɗaɗa shi a fitowa ta gaba, domin akwai abin da masu kyamara za su koya a wurin tsofaffinmu.